Nawa Jinyar Inna Ke Ci a Mako?

Washegarin Babbar Sallah muka zauna a zauren gidanmu na Unguwar 'Ya, mu biyar maza, ƙamshin suya na shigowa daga cikin gida. Wata bakwai ke nan da hawan jini ya kayar da Inna a bakin murhu, ya shanye mata ɓarin dama. Babban wanmu da ke kasuwanci a Kano shi ya buɗe taro da addu'a, sannan ya ce kowa shaida ne, wata bai taɓa mutuwa bai turo abin da ya sawwaƙa ba. Autanmu, wanda Inna ke hannunsa, ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da tsinke.

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Sai dai abin da ake turowa ba ya kai mu goma ga wata."

"To nawa ne zai kai ku?"

Auta ya ɗago, ya buɗe baki, ya rufe. Can ya ce, "Da yawa dai." Mu biyar, har da mai digiri a cikinmu, babu wanda ya san adadin. Wadda ta fi kowa sani kuwa, matar auta, ba ta cikin zauren. Tana bayan ɗaki tana wanke zannuwan Inna, karo na biyu tun asuba.

Wadda ta koya mini yadda ake fitar da wannan lissafi 'yar baffanmu ce, tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila. Tana cikin dubban 'yan Najeriya da suka tafi bayan Birtaniya ta buɗe wa masu aikin jinya ƙofar biza a 2022. Da na ba ta labarin zamanmu ta waya sai ta yi dariya, ta ce, "Yaya, a nan ba a cewa da yawa dai. Gado ɗaya, mako ɗaya, fam kaza." Na bi diddigin maganar, na tarar akwai abin ɗauka, ko da yake ba na fatan a kai uwata irin gidan da take aiki.

Yadda ake yi a Ingila

A can, bisa dokar kula da manya ta 2014, ƙaramar hukuma ce ke da alhakin samar wa gajiyayye wurin zama idan ya kasa kula da kansa. Yawancin gidajen ba nata ba ne, na 'yan kasuwa ne da ƙungiyoyin agaji. Ita gado take saye a wajensu. Gidajen iri biyu ne: akwai na zama, inda za a yi wa tsoho wanka a ciyar da shi a kai shi bayi, akwai kuma na jinya, inda dole a samu nas mai lasisi dare da rana. Na biyun ya fi tsada, kuma hukumar lafiya ta ƙasa ce ke biyan kuɗin nas ɗin daban, fam 235.88 a mako kan kowane mutum a shekarar kuɗi ta 2024.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun raba tambaya biyu da mu muke cakuɗawa. Ta farko: nawa gadon yake ci? Ta biyu: wa zai biya? Ba a taɓa ta biyu sai an gama da ta farko.

Kafin watan Afrilu, lokacin da sabuwar shekarar kuɗi ke kamawa, ƙaramar hukuma kan nemi masu gidajen su kawo takardunsu. A duba awa nawa ma'aikaci ke ɓatawa kan mutum ɗaya a mako, a ninka da albashin awa, wanda shi ma a Afrilu yake tashi: mafi ƙanƙantarsa fam 11.44 a 2024, ya koma 12.21 a 2025. Albashi ne ke cinye fiye da rabin kuɗin. A ɗora abinci, wuta da ɗumama ɗaki, wanki, gyaran gini, inshora, kuɗin haya ko ladan jarin da aka binne a ginin, da 'yar riba. Sai a raba jimlar, ba da yawan gadajen gidan ba, da yawan waɗanda ake sa ran za su kasance da mutum a kai, galibi wajen 90 cikin 100. Abin da ya fito shi ne farashin mako.

Daga nan sai a juya kan tsohon. A fara auna buƙatarsa, sannan a auna aljihunsa. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa duka. Wanda ke ƙasa da 14,250 ba a taɓa ajiyarsa, amma fanshonsa zai shiga, a bar masa ɗan kuɗin kashewa, fam 30.15 a mako a 2024. Wanda ke tsakani ana caje shi fam 1 a mako kan kowane fam 250. Gidansa ma ana lissafa shi cikin dukiya, sai in matarsa ko mijinta na ciki, kuma ana ɗaga masa ƙafa na makonni 12 na farko. In iyali suka zaɓi gidan da ya fi farashin hukuma tsada, su cika ragowar daga aljihunsu.

A takarda abin tsaf yake. A aikace, ƙananan hukumomin can ma kuɗi ba ya isar su, sai su matse farashi. A 2011 babbar kotu ta soke matakin ƙaramar hukumar Sefton da ke kusa da Libaful, wadda ta ƙi ƙara ko kwabo shekara biyu a jere, saboda ba ta duba ainihin abin da jinyar ke ci ba. A shekarar ce kuma kamfanin Southern Cross, mai gidaje wajen 750 da tsofaffi kusan 31,000, ya durƙushe. A 2017 hukumar sa ido kan gasar kasuwanci ta Birtaniya ta gano cewa masu biya wa kansu suna biyan kusan kashi 41 cikin 100 sama da abin da ƙaramar hukuma ke biya, a gida ɗaya, kan gado iri ɗaya. Wato giɓin da hukuma ta bari bai ɓace ba. Kan wani aka ɗora shi ba tare da an gaya masa ba.

A nan ne na ajiye wayar na yi tsaki, domin na gane gidanmu. Duk jinyar da aka yanka wa kuɗi ƙasa da abin da take ci, akwai mai cika ragowar a ɓoye. A Ingila tsohon da ya sayar da gidansa ne. A Unguwar 'Ya suruka ce, ko jikar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta "zuwa Inna ta samu sauƙi".

Mu ma doka ta ambace mu

Mutane da yawa ba su san cewa kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya sa kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu da kula da su a wuyan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da maƙabartu. Ke nan aikin Birnin Kudu ne da Gwaram da sauran 25 na Jigawa, kamar yadda kasuwa da tasha suke aikinsu. Tun daga hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, uzurin "kuɗin na Dutse" ya rage ƙarfi, aƙalla a bakin doka.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma shi na faɗa. Bahaushe ba ya kai uwarsa gidan gajiyayyu. Wanda ya yi haka ya bar wa jikokinsa abin gori. Ko a Kano, waɗanda ke gidan gajiyayyu na Shahuci galibi waɗanda ba su da kowa ne. Na yarda, kuma ina alfahari da hakan. Amma ƙin gina gidan bai sa jinya ta zama kyauta ba. Kowane gida mai tsoho kwance gidan jinya ne mai gado ɗaya, ba shi da akawu, ba shi da kasafi, ma'aikaciyarsa ɗaya kuma ba ta da ranar hutu. Shi ya sa nake ganin lissafin nan a zaure ya kamata ya fara kafin ya je sakatariya.

Fara da auna buƙata

Kada a fara da maganar kuɗi. A fara da abin da tsohon ke iya yi da wanda ba ya iyawa: cin abinci da hannunsa, tashi daga shimfiɗa, zuwa bayi, wanka, alwala, shan magani a kan lokaci, gane mutane. Tsohon da ke dogara sanda ya je masallaci, abinci da magani da hira yake buƙata. Wanda sai an kama shi an tayar, yana buƙatar mutum a kusa duk yini. Wanda ke kwance ba ya juyawa, ko mai robar fitsari, ko mai gyambon ciwon suga, wannan ya shiga sahun da Turawa ke kai wa gidan nas. Mai gigin tsufa kuma nasa daban ne: jikinsa garau, amma in an kau da ido ya fice da tsakar dare yana neman gonar da aka sayar shekara talatin da suka wuce. Tsaronsa ya fi wankansa cin lokaci.

A nemi ma'aikacin lafiya na asibitin mazaɓa ya zo gida ya duba, ko a tambayi likita ranar da aka je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A rubuta abin da ya faɗa. Amfanin rubutun shi ne ɗan da ke nesa, wanda Inna ke daurewa ta ce masa "da sauƙi" a waya, ya san ba da sauƙin ba ne.

Littafin makonni huɗu

A sayi ƙaramin littafin makaranta da biro, a rataye a ƙusa a ɗakin mai jinya. Duk abin da ya shiga jinyar a rubuta, komai ƙanƙantarsa, har mako huɗu. Mako ɗaya ba ya isa, domin maganin hawan jini na wata ne, zuwa asibiti ma haka.

Abinci a rubuta shi da kwano, ba da naira ba. Naira tana narkewa, kwano yana nan. Gero kwano kaza na kunu da fura, dawa ko masara, wake, man gyaɗa, madara, ƙwai, ɗan nama ko kifi, da abin marmari irin ayaba ko kankana. Wanda aka ɗebo daga rumbun gida shi ma a rubuta, a sa masa farashin kasuwar wannan makon. A nan ake cutar mai riƙo ba da niyya ba: 'yan birni suna lissafa abin da suka turo ta banki, hatsin da manomi ya ɗebo daga rumbunsa kuwa ana ɗaukarsa kamar daga sama ya faɗo. Sai damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa, a ce auta bai iya tattali ba.

Sai tsafta, wadda ta ba mu mamaki fiye da komai. Sabulun wanka da na wanki, omo, man shafawa, ledar shimfiɗa, safar hannu, kunzugun manya ga mai hali, tsumma da yawan wanki ga maras hali. Itacen dafa ruwan wanka, wanda da hunturu kan ninka. Ruwa jarka nawa a rana, in saye ake yi a wajen 'yan garuwa. Lokacin da muka haɗa namu, wanki da itace da ruwa sun kusa kamo kuɗin abinci.

Magani a ajiye rasit ɗinsa, na asibiti da na kemis. A haɗa da awon jini, gwajin suga, wankin gyambo, da gashin ƙashi ga mai shanyewar jiki. Kada a manta da mota. Wanda ba ya iya zama ba ya hawa acaba, shatar mota ake yi, da mutum biyu masu ɗauka, da abincinsu na yini. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin kai tsoho asibiti kan kai na maganin da za a rubuto masa, wani lokaci ya fi. Na ƙauyukan Gwaram da ke nesa da kwalta sun fi mu sanin wannan.

Akwai kuma kayan da ba kowane wata ake saye ba: katifa, keken guragu, kujerar bayi, gidan sauro, bargo, gyaran rufin ɗaki kafin ruwan farko. A ƙiyasta kuɗinsu na shekara, a raba 12, a riƙa ware shi. A ƙara wani abu a gefe saboda ranar da za a ce an ba da gado.

Layin da ba a so a rubuta

Yanzu ga inda zauren ke yin tsit. Awa nawa ake ɓatawa, kuma wa ke ɓata su?

Na kwana uku a ɗakin Inna don in gani da idona. Ƙarfe biyu na dare matar auta ta shigo da tocila a baki, don hannayenta biyu na da aiki. Ta durƙusa, ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗar Inna, ɗaya ƙarƙashin ƙugu, ta ce, "Inna, bismillah, za mu juya." Ta mirgina ta a hankali, ta shafa bayan da tafin hannu tana neman wurin da ya yi ja, ta cusa matashi tsakanin gwiwoyi, ta ja zanen da ya jiƙe ta shimfiɗa busasshe. Minti goma sha biyar. Ƙarfe huɗu ta dawo. Ma'aikatan lafiya sun ce mai kwance a juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba fata ta mutu a ƙugu da diddige, gyambon kwanciya ya buɗe, shi kuwa in ya buɗe kuɗinsa da wahalarsa sun ninka na rigakafinsa. Sau 12 ke nan a kwana ɗaya, ban da wanka, ba da kunu cokali-cokali, fo, wanki da girki.

A lissafa awannin. Mu mun samu shida a rana, ba tare da mun sa zaman gadi ba. Awa 6 sau kwana 30 ya ba da 180. Ma'aikacin gwamnati mai awa 40 a mako yana yin wajen 173 a wata, kuma mafi ƙanƙantar albashi bisa dokar Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kusan naira 400 a awa. Ke nan matar ƙanenmu tana yin aikin cikakken ma'aikaci har da ɗoriya, ba Asabar ba Lahadi, kuma ta ajiye sana'ar ƙuli-ƙulin da take samun na kashewa da ita.

Wani zai ce ai lada take nema. Allah ya ba ta. Amma ladan ba ya sauke nauyin da ke kanmu, kuma Inna ba ita ta haifa ba, mu ta haifa. Ba na cewa kowane gida ya biya 70,000, mafi yawanmu ba mu da ita. Ina cewa a rubuta adadin a gani, sannan a yanke abin da za a iya: a ba ta wani abu tsayayye duk wata, a hannunta ba ta hannun miji ba, a ɗauko mai taya ta wanki, 'ya'ya mata da sauran surukai su karɓi kwanaki, maza su ɗauki ɗagawa da kaiwa asibiti, da kwanan ɗaki in tsohon namiji ne. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne cire yarinya daga makaranta. Wannan shi ne mafi tsadar hanyar biya, kuma wadda ba a tambaya ba ita ke biya.

Wa zai biya?

Sai an samu jimlar wata sannan a zo nan. A fara da abin da tsohon ya mallaka: fansho in yana da shi, gona, dabbobi, hayar shago. Dukiyarsa ce, shi ya fi kowa cancantar cin ta. Na ga gidajen da tsohuwa ke kwance ba magani, awakinta goma na hannun 'ya'ya, kowa na kiwon gadon da bai faɗo ba. In da hankalinsa a nemi izininsa. In babu, a yi komai a gaban shaidu, da sanin mai unguwa ko liman, a rubuta. Gona kuwa haya ta fi jingina, jingina ta fi sayarwa, domin jinya ba ta da wa'adi, kuɗin gona kuma in an karɓa a dunƙule ba ya shekara.

Abin da ya rage yana kan 'ya'ya, kuma malamanmu na Malikiyya sun riga Turawa tattauna wannan. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, har da mai yi musu hidima. Muhtasar na Halil ya kawo ra'ayi uku kan yadda za a raba: daidai wa daida bisa kawuna, ko bisa rabon gado, ko bisa ƙarfin kowa. Masu sharhi sun fi rinjayar da na ukun, kuma shi ne ya fi zama lafiya. Mai shago a Kano da malamin firamare da manomi ba za su ɗauki kaya ɗaya ba. Mu kashi muka yi, ba adadi ba: wane kashi 40 cikin 100, wane 25, haka har ƙasa. In farashi ya tashi, kason kowa ya tashi da kansa, ba sai an sake zaman rigima ba. Hatsi da ɗaki da aikin gidan mai riƙo a lissafa su a matsayin nasa kason. Da muka yi haka sai ga shi auta, wanda ake ganin ana taimaka wa, shi ne ya fi kowa bayarwa. Babban wanmu ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Auta, ka yafe mu."

A tuna, mutum ba ya sauke zakkarsa a kan iyayen da ciyar da su ke wuyansa. Amma tsohon da 'ya'yansa ba su da hali yana da haƙƙi a zakkar wasu, kuma masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, ta yi suna wajen tattara zakkar hatsi da rabawa ta hannun hakimai da dagatai. A kai sunansa kafin kaka.

A kuma ware wa tsohon nasa na kashewa, ko yaya yake. Wannan na ɗauko kai tsaye daga Ingila. Inna kan ƙulle nata a bakin zane, ta sayi goro, ta ba jika na alewa, ta aika gudummawar suna. Ranar da aka fara ba ta, ta fi ranar da aka kawo mata keken guragu murna.

Taimakon hukuma a neme shi tun da wuri. A yi wa tsoho lambar zama ɗan ƙasa tun yana iya zama a mota, don kusan kowace rajista yanzu sai da ita. A tambayi asibitin mazaɓa batun rajistar marasa ƙarfi a hukumar JICHMA, wadda ke tafiyar da inshorar lafiya ta jiha, da kuma asusun lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa. A leƙa sashen walwalar jama'a na sakatariya, a kuma sanar da kansila, tunda yawancin jerin sunayen tallafi ta mazaɓa ake ɗaukarsu. Amma kada a gina kasafin gida a kan abin da bai shigo hannu ba.

Lissafin a sake shi sau biyu a shekara: da kaka, lokacin da hatsi ya sauko, da kuma farkon damina, lokacin da ya hau. A sake shi kuma duk ranar da jikin ya canja.

In ƙaramar hukuma ta tashi yin nata

Akwai waɗanda ba su da zauren da za a zauna dominsu: wadda ba ta haihu ba, wanda 'ya'yansa suka riga shi, wanda nasa suka tafi ci-rani kudu aka daina jin ɗuriyarsu. Su ne tsarin mulki ke nufi. In Birnin Kudu ko Gwaram za ta buɗe musu gida, ko ta yi yarjejeniya da wata ƙungiya, hanyar lissafin ita ce dai wadda ke sama, sai ƙarin abu ɗaya, wato gadon da ba kowa. A ɗauka gida mai gado 20 yana cin naira miliyan 1 a wata a albashi da wuta da gyara. In ya cika, kowane gado ya ɗauki 50,000. In mutum 15 ne, ya koma kusan 67,000, domin mai gadi da mai girki ba a rage musu albashi saboda ɗaki ya zama wayam. Wanda ya yi kasafi kamar kullum gidan a cike yake, ya shirya bashi tun kafin a yanka ƙyallen buɗewa.

Ni a ganina, a ƙasarmu gini shi ne mataki na ƙarshe. Ya fi arha, ya fi dacewa da ɗabi'armu, ƙaramar hukuma ta biya maƙwabciya ko 'yar uwa da ta yarda ta riƙe tsohuwa, ma'aikacin lafiya ya riƙa leƙawa duk mako. Birnin Kudu da ke da makarantar koyon aikin jinya ba za ta rasa masu koya wa matan gida juyi da wankin gyambo ba. Jigawa kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fage: a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata, abin da a lokacin ya zama labari a faɗin ƙasa. Darasin da ke ciki shi ne adadin ya daɗe a tsaye kasuwa na gudu. Duk dokar da majalisar kansiloli za ta yi, a rubuta a cikinta cewa za a sake duba kuɗin kowace shekara, a ɗaure shi da farashin kwanon gero ko da mafi ƙanƙantar albashi, a kuma manna ƙa'idar zaɓen masu amfana a allon sakatariya inda kowa zai karanta. Mai son tura wannan magana ya kai ta ga kansilansa a rubuce kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafi. In ya tafi da littattafan gidaje goma na makonni huɗu, ya fi mai dogon jawabi hujja.

Namu littafin yana nan a ƙusa, na uku ke nan. Da na zo hutun da ya wuce na buɗe shi, na tarar da wani layi a ƙasan shafi, da rubutun ajami na matar auta, abin da mu biyar muka zauna muka tsara bai faɗo mana ba: batirin tocila, guda huɗu a mako.